Baƙin da Ba a San Garinsu Ba

A daren rani a Damargu, daga Tanut har Belbeji, taurari kan cika sama fal. Abin da ido ba ya gani shi ne ƙananan ƙwayoyin zarra da ke zubowa daga can dare da rana, waɗanda Victor Hess ya tabbatar da su a 1912, cikin balan-balan.

Mafiya ƙarfinsu ba su cika zuwa ba. Fili mai faɗin murabba'in kilomita ɗaya kan yi shekara ɗari bai ga ko guda ba. Ranar 15 ga Oktoba 1991 na'ura ta kama ɗaya a Utah ta Amurka. Ƙwaya ɗaya tak, amma ƙarfinta ya kai na dutsen da saurayi ya wurga.

Daga ina? Nan gizo ke saƙar, domin maganaɗisun sararin samaniya kan karkatar da su a hanya, sawu ya ɓace. Shi ya sa cibiyar Pierre Auger ta jera tankunan ruwa sama da 1,600 a Malargüe ta Ajantina don gano inda suke fitowa, aikin haƙuri da ya cancanci girmamawa. A 2017 ta nuna cewa mafiya ƙarfinsu daga wajen rukunin taurarinmu suke tahowa. Wadda aka kama a 2021 kuwa, Amaterasu, ta ɓullo ne ta wani sashen sama da kusan babu wani rukunin taurari a cikinsa.