Ɗan Ƙarfen da Ya Ceci Yatsuna

Jama'a, ashe akwai abin da aka ƙera takanas don ɗaura noti mai keji! Wani ɗan ƙarfe ne falale, tsawonsa bai fi ɗan yatsa ba, bakinsa a lanƙwashe kamar ƙugiya. Cikin ledar notunan sabon rak na tsince shi, ranar da muke haɗa ɗakin saba na wani ofishi. Ina ta jujjuya shi sai abokin aikina ya ce, "Malam, kawo ka ga aiki."

Na kuwa ga aiki!

Wanda bai taɓa shiga irin ɗakin nan ba, rak shi ne kantar ƙarfen da ake jera saba da sauran na'urorin sadarwa, masu faɗin inci 19. Ginshiƙansa cike suke da ramuka masu kusurwa huɗu, kowanne wajen milimita 9.5, kuma babu zare a cikinsu. Zaren yana jikin notin, shi kuma notin yana zaune cikin ɗan keji na ƙarfe mai tauri, mai kunnuwa biyu. Sai an matse kunnuwan nan sun shige ramin kafin su buɗe su kama. To nan fa ake yin ta. Wani da babban yatsa, wani da bakin sukurudireba. Ya suɓuce, ya tsaga farce, notin ya yi tsalle ya shige ƙarƙashin rak, kai kuma kana durƙushe cikin sanyin na'urar sanyaya ɗaki kana lalube. Duk ma'aikacin da na sani ya ɗauka haka aikin ya gada.

Ga yadda abokin aikin nawa ya yi. Ya kawo notin ta bayan ginshiƙi, kunnuwan suna hagu da dama, ya maƙala ɗaya a gefen ramin. Ya zura ɗan ƙarfen ta gaba, ya ƙugiyo ɗaya kunnen, ya ɗan ja. Ƙyas! Ya zauna daram. Na karɓa na gwada, ƙyas! Na sake, ƙyas! Wallahi har na riƙa neman ramin da zan ƙara sa wa noti.

Da hannuna ya huta ne na fara ganin basirar da ke cikin notin kansa. A rak mai zare a jiki, in zaren rami ya cinye, ramin ya mutu ke nan. A nan kuwa ka cire notin ka yar, ka sa wani. Kuma da gangan aka bar shi yana ɗan motsi cikin kejinsa, don ko na'ura ta ɗan karkace, sukuru zai same shi.

Har lissafin ramukan ya fito min sarai. Kowane U, ma'aunin tsayin na'ura a rak, inci 1.75 ne, wato milimita 44.45, da ramuka uku. Tazararsu ba ɗaya ba ce: 5/8, 5/8, sai 1/2 na inci, kuma wannan 'yar matsattsiyar ita ce iyaka tsakanin U da U. Rak mai 42U yana da ramuka 126 a kowane ginshiƙi, saboda haka in ka fara daga ramin da ba shi ba, na'urar ba za ta taɓa zama daidai ba.

A kula da girman noti da sukuru dai. Akwai M6, M5, 10-32 da 12-24. M5 da 10-32 sun yi kama ƙwarai, in ka gauraya su, sukurun ya fara shiga lafiya, can ya cije.

Daren nan ban iya barci da wuri ba, na shiga bincike. Ashe akwai mai siffar filaya, yana sawa yana cirewa. Akwai Rackstuds na roba daga Niyu Zilan, da /dev/mount na kamfanin PATCHBOX da ke Biyana, duk don a huta da kejin baki ɗaya. Zan gwada su a kan ƙananan na'urori. Amma mai nauyi irin UPS, na'urar batirin ajiye wuta, M6 na ƙarfe zan ci gaba da ɗaura masa, tunda yanzu sa shi ya daina cin farce.