Kwana Biyu a Bakin Tafki a Ƙasar Katar

 Muna roƙon Edita ya ba mu fili kaɗan domin mu sauke wani nauyi da muka ɗauko daga birnin Doha. Mun rubuta da ajami kamar yadda muka saba, magatakarda ya juya shi zuwa boko.

A cikin watan Janairu na 1445 ta Hijira, watau 2024, tsofaffin almajiranmu da ke aiki a Doha suka haɗa kuɗin jirgi, suka ce lalle sai mun je mun gan su. Su goma sha biyu ne, waɗansu masu gadi, waɗansu direbobi, ɗaya mai gyaran lantarki. Duk da hannunmu muka rubuta musu allon farko a Kumasi. Da muka kwana huɗu, sai babbansu ya zo ya durƙusa ya ce, "Allah ya gafarta Malam, mun kama maka gidan hutu a wata garka bayan gari, can wajen Alkhor. Ran Alhamis za mu tafi, mu komo ran Asabar."

Muka tambayi kuɗin, ya yi ta kewaye-kewaye, kana ya faɗa. Da muka lissafa sai muka ga ya zarce albashin ƙaramin ma'aikaci na wata guda. Domin kuwa tun watan Maris na 1442, watau 2021, dokar Katar ta yanke mafi ƙarancin albashi Riyal 1,000, da 500 na ɗaki da 300 na abinci idan uban gida bai bayar da su ba. Ranmu ya ɓaci. Muka ce, "Kai yaro, uwarka na can tana jiran kuɗin kwanon rufi, kai kana nan kana hayar ɗakin barci alhali kana da ɗaki?" Bai ce uffan ba, sai ya sunkuyar da kai. Amma da yake an riga an biya, ba dama, muka shiga mota.

Alkhor tana arewa da Doha, tafiyar mil 30 ko kusa da haka. A can ne aka gina filin ƙwallon nan mai siffar tantin makiyaya, inda aka buɗe gasar duniya ta 2022. Kafin a isa garin muka ratse, muka bi wata hanya cikin fako, ba itace ba inuwa. Can sai ga shinge, ga dabino jere, ga ciyawar dabbobi kore shar. Tsakiyar garkar ga wani ɗan tafki, agwagi na iyo, a bakinsa kuwa ga gida ƙarami mai ɗaki uku, da zaure shimfiɗe da darduma, da madafa, da rumfa tana duban ruwa.

To, jama'a, ku sani ƙasar Katar ba ta da kogi ko ɗaya, ruwan saman da ke sauka a shekara kuwa bai cika kai milimita 100 ba. Ruwan da mutanen Doha ke sha na teku ne, injuna ke raba shi da gishiri. Ruwan ƙarƙashin ƙasa ya fi daɗi a arewa, shi ya sa garake suka fi yawa ta can. Wannan tafki ma haƙa shi aka yi, inji ke janyo masa ruwa daga rijiya. Mutumin da ya san Tafkin Bosumtwi, ko ya ƙetare Firaw a Yeji, zai kira shi kududdufi. Amma a wannan ƙasa, wanda ya mallaki irinsa ya mallaki abin nuna wa baƙo.

Mun zaci za a kwana ana raha. Ina! Ana gama tuwo da shayi bayan Lisha, sai muka ga yara suna zubewa ɗaya bayan ɗaya, wani a kan darduma, wani a rumfa ko takalmi bai tuɓe ba. Muka zauna mu kaɗai muna dubansu kamar yadda mukan dube su in sun yi barci gefen wutar karatu. Da asuba da ƙyar muka tashe su. Ƙaraminsu ya tsaya bakin ruwa yana saurare, ya ce, "Malam, ka ji zakara? Shekara uku ke nan ban ji cara ba."

Da hantsi muka kira babban nan nasu muka zauna a rumfa. A nan ne ya buɗe mana ciki. Ya ce su shida ne a ɗakinsu, gado bisa gado, masu aikin dare na shigowa masu aikin rana na fita, fitila ba ta mutuwa. Aikinsa tsayuwa ce ta sa'a goma sha biyu. Da bazara zafi kan kai inda hukuma da kanta ta hana aiki a rana daga ƙarfe 10 na safe zuwa 3:30 na yamma, tun daga 1 ga Yuni har 15 ga Satumba. Ya ce, "Malam, da sunanka muka fake. In ba don ka zo ba, ba wanda zai iya fid da kuɗin nan ransa ya kwanta." Sa'an nan ya roƙe mu kada mu nuna hoton wurin a gida, domin za a ce sun yi arziki suna ɓoyewa, gobe buƙata ta ninka.

Wallahi kunya ta kama mu. Mu da muke sallamar almajirai tun yammacin Laraba, ba a komawa allo sai an sauko Juma'a, domin mun san kan da bai huta ba ba ya riƙe karatu, ga shi mun manta da haka ga manyansu.

Ku dattawa kun fi mu sanin asalin sunan da muke amsawa. Kakanninmu fatake sukan yi watanni tsakanin Kano da Salaga neman goro, ba kuwa madugun da ya taɓa kora ayari dare da rana. Inda aka sami ruwa da inuwa, nan a kan sauke kaya, a kwance wa jakuna mangala, a yi zango. Bayan basasar Salaga ta 1892 aka watsu zuwa Karaci da Yeji da Kumasi da sauransu, zangon kwana ɗaya ya zama unguwa. Ashe mu 'ya'yan masu hutawa a bakin ruwa ne. Wanda ya ji tausayin jakinsa, yaya zai kasa jin tausayin ɗansa?

Ba mu ce a yi almubazzaranci ba. Mutum goma sha biyu suka haɗa, sau ɗaya cikin shekara uku, da hannunsu suka dafa abinsu. Ran Asabar kafin mu tashi muka nemi gafarar yaron nan a gaban 'yan'uwansa, muka kuma nemi izininsu mu kawo muku wannan magana, suka yarda bisa sharaɗin ba za mu ambaci suna ba.

Saboda haka roƙonmu gare ku iyaye shi ne, in ɗanku ya bugo waya, kafin ku tambaye shi yaushe zai aiko, ku tambaye shi ko ya sami barci. In kuma kun ga hotonsa a bakin ruwa yana dariya, ku sa masa albarka, kada ku aika masa da lissafi.

Allah ya tsare mana su, ya komo da su gida lafiya. Haza wasalam.