Tafiyar Da Aka Yi Wa Ummi Alkawari

 Na san akwai da dama cikinku da in suka ji an ce wance ta yi aure an kai ta Amurka sai su ce shi ke nan ta haye, sai hutu. To ni dai ga ni a Amurkar tun 2023, a wani gari kusa da Baltimore cikin jihar Maryland, kuma yau labarin wata tafiya ta kwana huɗu zan ba ku, wadda ta ci min wata uku ina lissafi har sai da na faɗa.

Na tarar da Maigidan da 'ya ɗaya. Sunan mahaifiyarsa gare ta, shi ya sa ake kiranta Ummi. Tata mahaifiyar ta rasu a 2021, Allah Ya jiƙanta, yarinyar tana shekara shida. "Anti ina kwana," "Anti sai da safe," iyakarta ke nan da ni har sama da shekara. Ba rashin kunya take min ba, wallahi da ma rashin kunyar ce da na san maganinta. Kishiya mai rai kin san ta inda za ki ɓullo mata, amma wadda ta riga mu gidan gaskiya ba ta laifi, ba ta tsufa, ga hotonta nan kullum a kan durowar 'yarta. A hoton tana rungume da Ummi a gaban wata doguwar fada mai tsinin hasumiya, a wurin shaƙatawar nan na Disney World, cikin 2019.

Sannan Ummi sikila ce. Wadda ba ta taɓa jinyar mai wannan ciwo ba ba za ta gane ba. Ƙwayoyin jininsu ne ke lanƙwashewa kamar lauje su toshe ƙananan hanyoyin jini, sai ciwon ƙashi ya tashi, yarinya ta dinga murƙususu kina kallo ba yadda za ki yi. Ƙishirwa na tayar da shi, zafi mai yawa na tayar da shi, haka sanyi, haka gajiya. Ku 'yan mata don Allah ku je gwajin jini tun soyayya ba ta yi nisa ba, domin in ke AS ce shi ma AS, kowane ciki akwai kashi ɗaya cikin huɗu na haihuwar sikila. Na dai faɗa muku.

A watan Oktoba na 2024 ciwon ya tashi muka kwana biyar a asibiti. A daren da ya fi tsanani ne Abbanta ya riƙe hannunta ya ce, "Ummina ki warke, na yi miki alkawari kafin ki cika shekara goma zan mayar da ke wurin nan na hoton Mamanki." Ni ina gefe ina jinsa. A watan Maris na 2025 za ta cika goman.

Da muka dawo gida na ce, "Abban Ummi, ka fa ɗauko kaya, yaya za a yi?" Sai ya yi dariya ya ce, "Haba Amarya, wurin da na sani kamar yunwar cikina?" Ya shiga zayyano min. Wai kina sauka jirgi a Orlando ga bas ɗinsu kyauta har ƙofar otal. Wai a aiko miki da wani awarwaro na roba har gida kyauta, shi ne mabuɗin ɗaki, shi ne tikiti. Wai tun saura kwana 60 ki zaɓi lilo uku a kowace rana waɗanda za ki hau ba tare da dogon layi ba, FastPass+ sunansa, ko sisi ba a biya. Uwa uba, wai da suka je ofishin karɓar baƙi suka yi bayanin lalurar Ummi nan take aka sa ta cikin tsarin masu lalura, a ba su lokaci su je su zauna a inuwa, in ya yi su dawo su hau.

Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, amma gaskiyar 2019. Ni da na zauna gaban kwamfuta bayan ya tafi aiki sai na tarar kiɗa ya canza tun tuni.

Bari in ɗan kwatanta muku wurin tukuna. Ba filin wasan yara ba ne irin na yawon Sallah mai lilo biyar da majaujawa. Gari ne guda a kusa da Orlando cikin jihar Fulorida, faɗinsa wajen murabba'in kilomita 100. An buɗe shi ran 1 ga Oktoba 1971, kusan shekara biyar bayan mutuwar Walt Disney. Manyan filaye huɗu ne a ciki, Magic Kingdom inda fadar nan take, sai EPCOT na 1982, da Hollywood Studios na 1989, da Animal Kingdom na 1998, kuma daga wannan zuwa wancan galibi sai da mota ko jirgin ruwa ko wani jirgi mai bin dogo ɗaya a sama. A 2025 tikitin babba na yini ɗaya ya kama daga dala 119 zuwa 199, gwargwadon rana da filin da kika zaɓa. Yaro ƙasa da shekara uku ba ya biya, daga uku zuwa tara kuɗin yara, da ya cika goma kuwa sunansa babba. Kin ji fa, 'yar shekara goma wai babba!

To annobar korona ta rufe wurin a watan Maris na 2020, da aka sake buɗewa a Yuli sai abubuwa suka fara sauyawa ɗaya bayan ɗaya. Awarwaron kyauta ya ƙare a farkon 2021. Bas ɗin filin jirgi ya tsaya a Janairun 2022, sai dai ki biya wani ko ki ɗauki tasi. FastPass+ kuwa bai dawo ba sam. A Oktoban 2021 aka kawo Genie+ a madadinsa, dala 15 kowane mutum a rana, daga baya kuɗin ya koma hawa da sauka. A Yulin 2024 shi ma aka sauke shi aka kawo Lightning Lane Multi Pass, wanda ya ɗan yi kama da abin da Maigidan ya sani, ki zaɓi lilo uku tun kina gida, sai dai da kuɗinki, kuma lilo mafi farin jini daban ake sayar da nasu. Wanda ya sauka a otal ɗin Disney yana zaɓa tun saura kwana bakwai, na waje sai saura uku. Har da wani na masu hannu da shuni da aka fito da shi a Oktoban 2024, wanda a Magic Kingdom yakan kai dala 449 mutum ɗaya yini ɗaya, ban da tikiti. Wannan ko kallo bai ishe ni ba.

Ba duka ne ya ƙara wuya ba, kar in ci haƙƙinsu. Daga 9 ga Janairu 2024 mai tikiti mai kwanan wata ya huta da kama gurbin shiga fili tun daga gida, an kuma cire dokar sai ƙarfe biyu na rana za ki tsallaka daga wannan fili zuwa wancan.

Abin da ya hana ni barci shi ne tsarin masu lalura. Daga watan Mayu na 2024 aka taƙaita shi, aka fi mayar da shi ga masu lalura irin ta otizim waɗanda ba sa iya jure zaman layi, rajistar ma ta koma hira ta bidiyo. Dalilin da aka bayar shi ne masu nema sun yi yawa ƙwarai, har da waɗanda ba don su aka yi ba. Na karanta na sake karantawa, na ga ba abin da zan gina lafiyar yarinya a kansa ba ne. Na ce mu yi shiri kamar babu shi.

Daren da na baje wa Abbanta takarduna sai ya yi tagumi. Can ya ce, "Ko mu bari sai baɗi?" Ana cikin haka Hajiya ta kira daga Kano, da ma labari ya kai mata. Na gaishe ta a ladabce, ta ce, "Ke 'yar nan, ashe da ke za a haɗa baki a kwashi marainiya mai ciwo a kai ta yawon lilo? In wani abu ya same ta me za ki ce wa dangin uwarta?" Na ce, "Hajiya a yi haƙuri, in Allah Ya yarda ba abin da zai faru." Na ajiye waya jikina a sanyaye, don maganarta na kan hanya. In tafiya ta yi kyau, uba ya cika alkawari. In ta ɓaci, matar uba ce. In kuma aka fasa, ko ba a faɗa ba Ummi za ta ɗauka zuwana ne ya hana.

Na ce masa ba za a fasa ba. Na fara da wata. Su a bazara suka je, lokacin da zafin Orlando ke haura digiri 32 ga gumi ga tsawa kusan kullum da yamma, kuma daga Yuni zuwa Nuwamba lokacin guguwa ne. Ƙarshen Disamba cunkoso da tsada. Maris azumi, ga shi ta cika goma. Sai na tsayar da makon farko na Fabrairu, da rana wajen digiri 23 ko 24, jama'a da sauƙi, tikiti da rangwame, na rubuta wa makarantarsu takardar neman izini. Filaye huɗun nan na soke biyu, na bar Magic Kingdom da EPCOT, da yinin hutu a tsakani. Kuɗin da na tsira da shi na zuba a otal ɗin Disney mafi araha da kuma Multi Pass. Maigidan ya so otal ɗin waje mai sauƙi, na ce a'a, na ciki ana barinsu shiga minti 30 kafin kowa, ga bas kyauta zuwa filayen, da azahar in ta gaji mu koma ɗaki ta kwanta. Na nemo inda ɗakin agajin gaggawa yake a kowane fili na zana a takarda, na duba asibitin yara mafi kusa. Na gano ana ba da kofin ruwan sha kyauta a wuraren sayar da abinci, ana kuma barin mutum ya shiga da guzurinsa in dai ba cikin kwalba ba, don haka na kwana biyu ina dambun nama da cincin.

Saura magana ɗaya. Lilon kwale-kwalen da Abbanta ke ba ta labari, Splash Mountain, an rufe shi a Janairun 2023, aka sake buɗe shi a Yunin 2024 da sunan Tiana, baƙar gimbiyar nan ta fim ɗin 2009 da Ummi ke mutuwar so. Kwale-kwalen yana gangarowa daga tudu mai tsawon ƙafa 50 ya faɗa ruwa, mutum ya fito a jiƙe. Jiƙa da iska kuwa su ne abokan gabar mai sikila. Na so in ɓoye mata akwai shi, sai na ga in ta gani da idonta a can ba za ta ƙara yarda da ni ba. Na kai maganar gaban likitarta, Ummi na zaune. Likita ta yi tambayoyi, ta ce in rana ta buɗe sosai, da rigar leda, da kayan canji nan take, da ruwa a ciki, ta yarda sau ɗaya. In garin da sanyi kuwa babu. Ta ba mu takardar bayanin ciwon da magungunan tafiya. Ummi ta ce ta yarda da sharaɗin.

Ranar zaɓen lilo ƙarfe bakwai na safe ake buɗewa, masu farin jini kuma nan da nan gurbinsu ke ƙarewa. Na idar da sallar asuba na zauna kan darduma da waya a hannu, Maigidan yana wurin aikin dare. Bakwai saura minti biyar sai na ji motsi, ashe Ummi ce lulluɓe da bargo. Ta zauna kusa da ni ba ta ce komai ba. Bakwai na bugawa na danna, hannuna na rawa, na samo mana Tiana ƙarfe ɗaya da rabi na rana, daidai lokacin da nake addu'a. Na nuna mata. Ta daɗe tana kallon wayar, sai ta tashi ta shiga ɗakinta ta fito da hoton nan na kan durowa ta miƙo min.

"Anti ki sa min a jakarki, tawa zai iya fashewa. In mun je gaban fadar ina so a ɗauke ni a daidai wurin."

Na ce, "To Ummi, ni zan ɗauke ku ke da Abba."

Ta ce, "A'a, Abba ne zai ɗauka. Shi ya ɗauki wancan ma."

Na karɓi hoton na naɗe shi cikin sabon mayafina, na sa a tsakiyar jaka tsakanin rigar ledar da robar magani.