Yadda Ake Gane Ɗan Wasa Tun Yana Ƙarami

Hausawa na cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Haka ɗan wasa yake, amma sai ka san abin da za ka duba.

Idan ƙannenka suna tsere, kada ka kalli wanda ya zo na ɗaya kawai. Yaron da ya girmi abokansa da wata goma yakan fi su tsawo da ƙarfi, kuma wannan fifiko yakan ɓace idan sun girma. A ganina, alamu uku ne suka fi muhimmanci. Ta farko, sarrafa jiki: dubi mai wasan langa da ke tsalle da ƙafa ɗaya ba ya faɗuwa. Ta biyu, saurin koyo: a nuna masa motsi sau ɗaya, ya kama. Ta uku, naci: ya faɗi, ya kakkaɓe ƙura, ya koma fili.

Idan ka ga waɗannan alamu, kada ka yi gaggawar zaɓa wa yaro wasa ɗaya. Chioma Ajunwa ta buga wa Nijeriya ƙwallon ƙafa kafin ta ci lambar zinariya a dogon tsalle a gasar Olamfik ta 1996, da tsallen mita 7.12. Usain Bolt na Jamaika kuwa kurket yake bugawa a makaranta, har mai koyar da shi ya lura da gudunsa.

Ka tuna, tsawa da ba'a suna iya raba yaro da wasa har abada. Ka yaba ƙoƙarinsa, ka bar shi ya gwada wasanni iri-iri.