Karaye, Garin da Aka Ba Wambai Giwa

Daga Ƙofar Kabuga muka kama hanyar Gwarzo, muka wuce Rimin Gado, kafin azahar muna Karaye. Ganuwar da ta bi ta Kabuga tana cikin aikin mutumin da na fito bin sawunsa, Wambai Giwa, ƙusa a fadar Sarkin Kano Muhammadu Nazaki, wanda ya yi sarauta daga 1618 zuwa 1623.

Littafin Tarihin Kano ya ce Sarki ya fita yaƙi ya bar Wambai a gida ba shi da lafiya. Da ya warke sai ya nemi abin da zai faranta wa ubangidansa, ya faɗaɗa birni har Ƙofar Kansakali, kullum yana ciyar da ma'aikata ƙwarya 1,000 na abinci da shanu 50. Da Sarki ya dawo kuma ya tarye shi da dawaki 100. Tukuicin da ya samu shi ne Karaye.

Sai da na zaga ƙasar na fara shakkar wannan tukuici. Fili ne shimfiɗaɗɗe, mai dausayi, doki zai yi sukuwa son ransa. A nan aka gwabza da Katsinawa a zamanin Nazaki, Kanawa suka yi nasara. Wato bakin daga aka ba shi. A ganina fada ta jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya: ta toshe ƙofar yamma, ta kuma nesanta mai dukiyar da ya isa ya gina ganuwa daga aljihunsa.

Dabarar ba ta ci ba. Daga Karaye Wambai ya riƙa kai wa Katsina hari yana kwasar ganima, har ya tara dawaki 1,000. Fadawa suka fara raɗe-raɗin tawaye, Sarki Kutumbi, magajin Nazaki, ya tuɓe shi.

Da la'asar na leƙa madatsar ruwa ta Challawa, na sayi soyayyen kifi, sannan na shiga motar Rogo. Wani dattijo a gefena ya tambaye ni abin da ya kawo ni. Da na ambaci Wambai sai ya yi dariya ya ce, "Malam, ai yanzu ma haka ne." Masarautar Karaye yake nufi: an ƙirƙiro ta a 2019, aka rushe ta a 2024, aka dawo da ita mai daraja ta biyu, Karaye da Rogo kaɗai a ƙarƙashinta. Har muka isa Rogo, inda Kano ta yi iyaka da Katsina da Kaduna, fasinjoji na musu a kan haka, direba kuwa kuɗin mai ne ya dame shi.