Suna Linzami: Wani Ɗalibi da Adireshin Kuɗinsa

Hausawa kan ce suna linzami ne. To, amma kuɗin intanet irin su Bitcoin, wanda ya ɓullo a 2009, ba su zo da suna ba, da lamba suka zo. Duk mai son a aiko masa da irin waɗannan kuɗi sai ya ba da adireshi, wato jerin haruffa da alƙaluma a cakuɗe, marasa ma'ana. Na Ethereum guda 42 ne, na Monero kuwa har 95. Babu mai haddace wannan, sai dai a kwafa a liƙa.

Akwai wani ɗalibi mai neman digiri na biyu, wanda yake yi wa wasu mutanen ƙasar waje aikin fassara, suna biyansa da Bitcoin. Ladan wata uku ya taru, da shi kuma ya ƙudura zai biya kuɗin makaranta. Ya kwafo adireshinsa ya liƙa a wasiƙa ya aika. Ashe wata muguwar manhaja ta riga ta shiga kwamfutarsa, aikinta kuwa shi ne ta musanya duk adireshin da aka kwafa da na ɓarawo. Da yake duka biyun tarkacen haruffa ne, idonsa bai ga bambanci ba. Kuɗi suka tafi. A wannan harka kuwa babu manajan banki da za a kai wa kuka. Abin da ya shiga kundi ya shiga ke nan.

Ya kwana biyu bai iya cin abinci ba, sa'an nan ya tafi wurin wansa, wanda yake aikin kwamfuta. Ya ce, "Yaya, ni mai nazarin harshe ne, amma ga shi abin da ba ya karantuwa ya cinye mini guzuri." Wan ya ce, "Kwantar da hankalinka, ƙanena. Abin da ya tafi ya tafi, amma na gaba za mu raɗa masa suna."

Ga dabarar da ya nuna masa. Su ma kwamfutocin intanet da lamba suke gane juna. A 1983 wani Ba'amurke mai suna Paul Mockapetris ya tsara rajistar da ake kira DNS, mai kama da littafin lambobin tarho: a ba ta suna, ta ba da lamba. A cikin rajistar akwai gurbin da ake kira TXT, inda mai suna yake da ikon rubuta abin da ya ga dama. A 2014 masu kula da kuɗin Monero suka fito da tsarin OpenAlias, wato a rubuta adireshin kuɗi a wannan gurbi, a fara da alama kamar oa1:btc don a san irin kuɗin. Idan mai biya ya rubuta sunan a manhaja irin Electrum, ita za ta je rajista ta ɗauko dogon adireshin. Suna kuwa yana karantuwa. In an musanya shi, ido zai gani.

Suka yi hayar suna, suka shigar da adireshin, ɗaya yana karantawa harafi bayan harafi, ɗaya yana dubawa. Ɗalibin ya yi murna, ya ɗauka an gama. Sai wan ya ce, "Tsaya tukuna, akwai sharuɗɗa uku."

Na farko, ana iya tare tambaya a hanya a ba da amsar ƙarya, don haka dole a sa wa rajistar hatimin da ake kira DNSSEC. Saboda muhimmancinsa ne ƙa'idar BIP 353, wadda aka gabatar wa masu Bitcoin a 2024, ta wajabta shi. Na biyu, sunan haya ne ba mallaka ba. In wa'adi ya cika ba a sabunta ba, wani na iya karɓe shi ya sa nasa adireshin, masu biya kuma ba za su sani ba. Ko tsarin ENS na 2017, wanda yake ajiye sunaye masu ƙarewa da .eth a kundin Ethereum, shi ma sabuntawa ake yi. Na uku, kundin Bitcoin a buɗe yake. Wanda ya san sunanka ya san adireshinka, zai kuma iya ganin abin da ya shiga da abin da ya fita.

A nan ne ɗalibin ya gane cewa suna bai kawar da hatsari ba, wurin zama kawai ya sauya masa. Da can amanar tana kan ido, yanzu ta koma kan mai riƙe da rajista da kuma mai biyan haya.

Ya ci bashi ya biya kuɗin makaranta a wannan shekara. Da shekara ta zagayo, takardar tunin sabunta suna ta iso a daidai lokacin da yake son sayen wani ƙamus. Ya ajiye maganar ƙamus, ya fara biyan haya, domin ya riga ya san cewa doki na wanda linzami yake hannunsa ne.