Rabin Sarki a Landan, Rabi a Luksor



Ranar da na shiga gidan tarihi na Birtaniya da ke Landan, zuciyata cike take da fushi. An kammala gyaran masallacin unguwarmu, aka karanta sunayen waɗanda suka taimaka, aka tsallake nawa. Kwana uku ina ta juya maganar a raina.

A zauren kayan Masar na tsaya gaban gunkin Ramsis na Biyu, sarkin da ya yi mulki kimanin shekara 66, daga 1279 zuwa 1213 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Kai ne da ƙirji kawai, an sassaƙa su daga dutse guda, nauyinsu ya haura tan 7. A shekarar 1816 wani Ba'italiye mai suna Belzoni ya sa aka jawo shi daga haikalin sarkin a yammacin Luksor zuwa bakin Kogin Nilu, ya iso Landan a 1818. Sauran jikin yana can inda aka baro shi. Gawar sarkin kuma an mayar da ita wani gidan tarihi a Fustat, cikin Alƙahira, a 2021.

Wannan sarki ya so suna matuƙa, har ya sa aka rubuta sunansa a kan gumakan sarakunan da suka gabace shi. Ga shi yau a rarrabe wuri uku, yara 'yan makaranta suna ɗaukar hoto a ƙarƙashin haɓarsa, ba mai rusuna masa. Wasu na ganin shi ne Fir'aunan Annabi Musa (AS). Alƙur'ani dai ya kawo ƙissar a surori da dama, bai ambaci sunan Fir'aunan ko sau ɗaya ba.

Nan kunya ta kama ni. Na tambayi kaina: kuɗin nan, don Allah na bayar, ko don a kira sunana a lasifika? Idan don Allah ne, ai an riga an rubuta a inda ba a mantuwa. Idan kuwa don suna ne, to ni da mai gunkin nan ciwonmu ɗaya, shi dai ya fi ni dutse.

Ɗan uwa, 'yar uwa, kafin ka wallafa alherin da ka yi a intanet, ka yi wa kanka wannan tambaya. Ni har yanzu ina fama da tawa zuciyar.

Allah Ya ba mu ikhlasi, Ya kare mu daga riya. Wassalam.